Yadda Ake Karanta Sharhin Masu Ra'ayin Riƙau na Amurka

Idan za ka karanta sharhin masu ra'ayin riƙau na Amurka a kan bindiga, ka fara da gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasar, wanda aka amince da shi a 1791, mai magana a kan rundunar sa-kai da haƙƙin jama'a na riƙe makamai, domin kusan duk hujjojinsu a kansa suka dogara. Jimla ɗaya ce tak, amma sai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta yanke cewa mallakar bindiga haƙƙin kowane mutum ne ko da ba ya cikin rundunar sa-kai, inda alƙalai biyar suka amince, huɗu suka ƙi. Saboda haka idan marubuci ya ce maganar a fili take, ka tuna da waɗannan huɗun, ka kuma lura cewa hukuncin kansa ya ce haƙƙin yana da iyaka.

A kan makamashi, ka raba aikin gwamnati da na kasuwa. Gaskiya ne Biden ya soke izinin gina Keystone XL, bututun da zai ɗauko mai daga Kanada zuwa Amurka, a Janairun 2021, sai dai ba a kammala bututun ba balle ya ɗauki mai, don haka wanda ya ɗora wa matakin alhakin tsadar fetur sai ya kawo hujja.

Zargin son kai da suke yi wa kafafen yaɗa labarai kuwa, ni ban ɗauke shi da wasa ba. Ka buɗe labari ɗaya a Fox News, tashar da ta karkata ga masu ra'ayin riƙau, da kuma CNN, ka kwatanta kanun, ka duba wanda aka fara jin ta bakinsa da abin da aka tura can ƙarshen labarin.