Yadda mai shan maganin danne garkuwar jiki saboda ciwon hanta zai yi idan korona ta kama shi

Akwai ciwon hanta da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana yaƙar hantarsa. Masu shi suna dogara da magungunan da ke danne garkuwar, irin su prednisolone, azathioprine, mycophenolate ko tacrolimus.

Matakin farko, kada ka ajiye maganinka. Mutum kan ce, ai yanzu nake buƙatar garkuwa, bari in dakata sai na warke. Wannan tunani shi ya fi ba ni tsoro. Ciwon hantar na iya tasowa da ƙarfi, a koma ba ka maganin fiye da da. Wanda kuma ya daɗe yana shan prednisolone, jikinsa ya rage samar da sinadarin kotisol, wanda maganin ke maye gurbinsa, yanke maganin kwatsam kan sa jini ya yi ƙasa, mutum ya galabaita. Ragewa ko ƙarawa, likita ke yanke wannan.

Na biyu, yi gwaji da zarar ka ji tari ko ciwon maƙogwaro. Kada ka jira zazzaɓi, prednisolone na iya ɓoye shi.

Na uku, sanar da likitan hantarka a ranar, ka lissafa masa duk abin da kake sha. Paxlovid, wani maganin korona, ana fara shi ne cikin kwana 5 da bayyanar alamomi, amma yana sa tacrolimus ya taru a jini har ya taɓa ƙoda, kuma ba a ba wanda hantarsa ta yi rauni sosai.

Don ciwon jiki, paracetamol. Idan hantar ta riga ta yi tabo ta taurare, kada ya wuce giram 2 a rana, ka kuma nisanci ibuprofen. Masu irin wannan hanta su korona ta fi yi wa illa, don haka su fi kowa sa ido.

Garzaya asibiti idan numfashi ya sarƙe, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, hankali ya fara gushewa, ko amai ya hana maganin zama.

Bayan ka warke, a sake gwajin jinin hanta, ka tambayi lokacin ƙarin allurar rigakafi, domin waɗannan magunguna, musamman mycophenolate, suna rage tasirinta.