Yadda za ka yi idan ka tuƙa tsohuwar mota ba ka sauke birkin hannu ba

Sabuwar mota ba ta cika barin direba ya yi nisa birkin hannu na sama ba. Za ta dame shi da ƙara, wata ma da kanta take sakin birkin da zarar an taka totur. Tsohuwa ce ke yin shiru. Golf 3 ko Starlet ko Fijo 504 da ta sha shekaru, wayar birkinta ta miƙe, lainin ya cinye, ƙwan jar fitilar dashbod ya mutu tun a hannun mai ita na baya. Birkin ya kama, amma bai kama sosai ba. Direba ya ji motar ta ɗan yi nauyi, ya ce halinta ne, ya ƙara wuta. Sai an yi tafiya ƙauri ya cika mota, ko wani ɗan acaɓa ya matso yana nuna tayar baya yana cewa, “Malam, hayaƙi!”

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, ɓarnar da ake tsoro ba ta birkin hannun ba ce. Zafi ne matsalar, kuma zafin nan birkin ƙafa yake kashewa. A yawancin ƙananan tsofaffin motoci, lainin da wayar birkin hannu ke ja shi ne dai wanda birkin ƙafa ke turawa a tayoyin baya, kuma a cikin diram, wato kwanon ƙarfen da lainin ke goga ya tsayar da taya, akwai silinda mai ɗauke da man birki. Idan wurin ya yi zafin da man ya tafasa, tururi ne zai maye gurbinsa, shi kuwa tururi matsuwa yake yi. Ka taka birki ya nutse har ƙasa, mota na tafiyarta.

Mataki na farko: saki birkin, ka nemi gefen hanya

Sauke shi har ƙarshe. Ɗan ɗaga shi sama kaɗan, danna maɓallin, sannan ka kai shi ƙasa sosai. Idan Marsandi ce irin “V-boot”, ko Sienna da wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka, da ƙafa ake taka wannan birkin. Na Marsandi akwai abin ja a gefen dashbod da ke sakinsa, na Sienna kuwa sake taka shi ake yi ya saki. Irin waɗannan su ake fi mantawa da su, musamman in motar aro ce, don babu sandar da za ta tokare maka hannu.

Kada ka ce tunda ka saki shi ke nan, ka ci gaba da gudu. Cire ƙafa daga totur, kunna fitilun gargaɗi, ka taɓa birkin ƙafa a hankali don ka ji ko yana nan. In yana da tauri kamar kullum, gangara gefe ka tsaya. In ya yi laushi, yi ta danna shi da sauri kana saki, kana rage giya ɗaya bayan ɗaya, inji ya riƙe maka motar. Mai otomatik ya jawo giya zuwa 2, sannan L. Kada ka kashe inji mota na tafiya: birki zai ƙara tauri, sitiyari ya yi nauyi, in ka murɗa makulli da yawa ma ya kulle gaba ɗaya.

Wurin tsayawa ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma ba cikin busasshiyar ciyawa ba. Da rani ciyawar bakin titi ba ta buƙatar roƙo.

Mataki na biyu: kada ka sake jan birkin hannun

Hannu zai kai kansa can saboda sabo. Hana shi. Lainin mai zafi idan aka matse shi jikin diram mai zafi aka bar su suka huce tare, yana iya mannewa, diram ɗin kuma ya karkace. Sa motar a giya ta ɗaya, ko P in otomatik ce, kashe inji, ka sa wa tayar gaba waigi da dutse ko guntun katako. Ka ɗauke ƙafarka daga birkin ƙafa ma. Fitar da mutanen da ke ciki, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan mota da ɗan nisa.

Mataki na uku: bar ta ta huce, ba da ruwa ba

Nan ne masu taimako ke yin ɓarna. Kafin ka ankara wani ya fasa ledar fiya wata yana watsa wa taya, wani ya taho da buta. Ka gode musu, ka hana su. Diram da faifan birki zubin ƙarfe ne, ruwan sanyi a kan zafi mai tsanani yana karkatar da su ko ya tsaga su, kuma tsagar ba lallai ta nuna a ranar ba. Iska ce maganinsa. Rabin awa zuwa awa guda, ya danganta da yadda ya yi zafi.

Hayaƙi kaɗan mai raguwa ba abin tayar da hankali ba ne, ƙonewar lainin ne da giris. Amma in ka ga harshen wuta, to magana ta canja: ɗauko abin kashe gobarar nan da 'yan Road Safety ke tambaya a hanya, ka fesa daga nesa kana tsaye ta gaba ko ta bayan motar. Kada ka durƙusa daidai gefen taya mai zafi, tana iya fashewa. In wutar ta kama tayar kanta, tankin mai na kusa da wurin, ku ja da baya kowa da kowa. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ita ce 122.

Kana jira, ka gwada zafin ba tare da taɓawa ba. Kai bayan hannunka kusa da kowane rim, ka kwatanta. A tafiya ta lafiya tayoyin gaba sun fi na baya zafi, don su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. In baya ɗaya ta fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, ka riƙe wannan ka gaya wa bakanike, alama ce wayar ɓangare guda ce kaɗai ke kamawa.

Mataki na huɗu: auna girman abin

Mutane sukan tambaya, kilomita nawa ne ke lalata birki? Nisa shi kaɗai ba ya ba da amsa. Wanda ya fito daga gida zuwa bakin layi a hankali ya lura ya sauke, ba ƙauri ba hayaƙi, galibi bai yi asarar komai ba sai ɗan cin lainin. Wanda ya hau babban titi yana gudun ɗari, ko da na mintuna kaɗan ne, ya tara zafin da ya fi na mai rarrafe cikin gari. Hanci da ido su ne ma'auni: ƙauri mai ƙarfi, hayaƙi, fentin rim da ya canja launi, murfin taya na roba da ya narke. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai an buɗe.

Bayan ta huce, buɗe bonet ka duba man birki ko yana tsakanin layukan nan biyu. Leƙa bayan tayoyin baya ta ciki, ko akwai jiƙa ko mai na ɗiga. Tada inji, taka birki ka riƙe na rabin minti. Ya kamata ya tsaya cak a wuri ɗaya. In yana nutsewa sannu a hankali, akwai inda mai ke zurarewa, kada ka tuƙa, a kira bakanike ya zo ko a ɗauki motar. In ya tsaya, sa ta a furi a tura ta kaɗan, ka ji ko tana tafiya sakayau. Dubi tayoyin kuma: in birkin ya kulle su har suka ja ƙasa, za ka ga wuri guda ya shafe, irin wannan taya za ta riƙa bugawa a hanya, ba ta gyaruwa.

Komai ya yi daidai? To tafi a hankali, ka gwada birki sau biyu ko uku inda ba kowa, ka ba motar gabanka tazara, ka nufi gareji. Wannan ba ranar sauka Hawan Kibo ba ce.

Ga tarkon da ke cikin lamarin. Man da ya tafasa idan ya huce, birki yakan dawo da taurinsa kamar ba abin da ya faru, sai mai mota ya ce Allah ya kiyaye, ya manta. Alhali man da ya tafasa sau ɗaya ya nuna maka cewa ya gaji. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai maki 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230. Idan suka sha ruwa, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu. Tambayi kanka yaushe rabon da a canja na motarka, ba ƙari ba, canji. A tsofaffin motocinmu amsar sau da yawa ita ce tun tana Kwatano. Masu zuba ruwan sabulu a madadin mai don su lallaɓa su isa gida kuwa, su tuna ruwa a maki 100 yake tafasa.

Mataki na biyar: abin da za ka sa a duba a gareji

Kada ka tsaya a “Oga, duba min birki.” Faɗa masa abin da ya faru, nisan da ka yi da irin gudun, ka ce a cire tayoyin baya biyu a buɗe diram, ka tsaya ka gani da idonka.

Lainin shi ne farko. Wanda ya sha wuta fuskarsa takan yi sulɓi tana sheƙi, ko ta tsattsage, ko ta fara ɓallewa daga jikin ƙarfenta. In sheƙi ne kawai sama-sama kuma da sauran kauri, ana iya goge shi da samfefa. In ya tsage, ko kaurinsa ya kusa milimita ɗaya da rabi, ko mai ya jiƙa shi, a canja, kuma a canja na dama da na hagu tare. Canja ɓangare ɗaya yana sa mota ta riƙa fizga gefe in an taka birki. Ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iskar mai faci, tsofaffin lainin da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, mai illa ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai diram. Tabo shuɗi-shuɗi a cikinsa shaidar zafi ce. A duba tsaga, a duba ko ya zurma. Iyakar faɗin da aka yarda ya kai galibi a rubuce yake a jikinsa, in ya wuce nan ba a sake gyara shi. A ɗaga robar silinda a leƙa, in da jiƙa a ciki zafi ya cinye ta. Sifirin ɗin da ke dawo da lainin su ma wuta na kashe musu ƙarfi, ga su da araha, amma su ake fi tsallakewa, daga baya birki ya riƙa kamawa shi kaɗai.

Boris na taya yana zaune a tsakiyar wannan zafin, giris ɗinsa na iya narkewa ya tsiyaye. Tun motar na kan jak a juya tayar a saurara, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Gurnani ko motsi na nufin a sake giris ko a canja shi. Boris da ya bushe ba ya mutuwa nan take, sai bayan makonni ka fara jin kuka daga baya kana neman dalili.

Motocin da ke da faifai a baya iri biyu ne. Wasu, irin Marsandi da Camry masu faifai, suna da ƙaramin diram a cikin faifan mai nasa ƙananan lainin na birkin hannu kaɗai. Daga waje komai lafiya, a ciki kuwa sun ƙone ko sun ɓalle, sai an cire faifan a gani. Wasu kuma kalifa, wato abin da ke matse faifan, ita wayar ke ja kai tsaye, a nan fad (lainin faifai) da robobin kalifa za a duba.

Daga nan a zubar da tsohon mai gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da aka fasa a gabanka, irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, a fitar da iska ta tayoyi huɗu. In motar manuwal ce, ka lura da kuloci a kwanakin da ke tafe, shi ma ya sha wahalar jan nauyi. Idan inji na ƙara wuta a hawa amma gudu ba ya ƙaruwa, ya fara zamewa.

Mataki na shida: gyara abin da ya bari hakan ta faru

Birkin hannu mai lafiya ba zai bar ka ka tashi salin-alin ba, motar za ta tirje ko inji ya mutu. Tunda motarka ta tafi, da sake. Ja shi a hankali ka ƙirga ƙarar haƙoransa. Yawancin ƙananan motoci tsakanin biyar da takwas suke kamawa, in naka sai ya kai goma sha wani abu, ya saki. Wasu kanikawa nan da nan za su ɗaure notin waya su ce an gama. Ba haka ake farawa ba. Ana fara saita lainin a cikin diram, sannan a zo kan waya, in ba haka ba ko dai ba zai riƙe ba, ko ya riƙa goga kana tafiya ko da ka sauke shi. Bayan saiti a juya tayoyin da hannu a tabbatar suna juyawa ba tirjiya.

A duba wayar kanta daga gaba har baya. Laka da ruwan damina na shiga rigarta ta yi tsatsa, sai ka sauke sanda a ciki amma can ƙasa ba ta saki ba. Wayar da ta fara haka canja ta ake yi, man da za a ɗiga mata na 'yan kwanaki ne.

Jar fitilar dashbod kuma a dawo da ita. Da'ira ce mai alamar motsin rai ko harafin P a ciki, a motocin Amurka kuma kalmar BRAKE ce. Tada inji mota na tsaye, ja birkin hannu, ya kamata ta kama, ka sauke ta mutu. In ba ta kama ba, ƙwai ne ko ɗan makunnin da ke gindin sandar, aikin mai wayarin ne na 'yan mintuna. In kuwa ka sauke har ƙasa ta ƙi mutuwa, kada ka bari a cire ƙwan ko a liƙe ta da baƙin salatif. A motoci da yawa fitilar nan ɗaya ce ke nuna man birki ya yi ƙasa, don haka tankin mai za a fara buɗewa.