Babi na 7: Kiribensis, ƙaramin ɗan'uwan karfasa

Darasi na 1

'Yan'uwa, ku buɗe littafi, ku ɗora yatsa a kan sunan kifin nan, mu karanta shi tare a hankali: ki-ri-ben-sis. Wanda harshensa ya sarƙe ya sake, ba abin kunya ba ne. Masana kuma suna kiransa Pelvicachromis pulcher, kuma tun 1901 suka fara bayyana irin kifin nan a rubuce. Wannan ba sai kun haddace ba.

Dangin karfasa ne, sai dai shi ƙarami ne. Asalinsa rafukan kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru, inda ciyayi suka yi yawa a cikin ruwa. Saboda kyan launinsa, mutane a ƙasashe da dama suna kiwonsa a akwatin gilashi.

Darasi na 2: Wane ne namiji, wace ce mace

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kansa. Ku ɗauko rula, ku nemo lamba 12 a gefen santimita. Namiji yakan kai kusan nan. Yanzu ku nemo 8. Mace takan tsaya wajen nan. Dogon shi ne namiji, gajeriyar ita ce mace.

Sai ku dubi ciki. Wadda cikinta ya yi tulu, ya yi ja mai ratsin shuni, ita ce mace. Da yawanku kuna tuna zakara da kaza, sai ku ce mai ado ai shi ne namiji. A wannan kifin ba haka ba ne. Idan lokacin ƙwai ya zo, mace ce take lanƙwasa jiki a gaban namiji tana karkarwa, tana nuna masa jan cikinta.

Mu sake. Dogo, siriri, fiffiken bayansa mai tsini a ƙarshe: namiji. Gajeriya, mai tulun ciki ja: mace. Ku rufe littafin, ku faɗa da baki. Madalla. Ku sake faɗa.

Har yanzu akwai masu nuna babban kifin suna cewa "uwar ce". Haba, jama'a! Girma ba shi ne uwa ba. Wanda ya yi gaggawa ya zuba maza biyu wuri ɗaya, faɗa zai gani, ba ƙwai ba, kuma kada ya ce ba a faɗa masa ba. A dubi ciki tukuna, sannan a dubi tsawo. Ciki, sannan tsawo.

Darasi na 3: Ƙwai

Mace ba ta riƙe ƙwai a baki kamar wasu karfasa. Kogo take nema, ta manna ƙwan a rufinsa daga ciki. Ku kifa musu rabin ɓawon kwakwa da aka yi wa ƙofa. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 3, bayan kamar mako ɗaya 'ya'yan su fito iyo, uwa da uba suna gadinsu. Kada ku ɗaga ɓawon don leƙe.

Darasi na 4: Abinci da ruwa

Yana cin gansakuka da tsutsotsi da ƙananan ƙwari. A ba shi kaɗan. Ruwa ya kasance mai ɗan ɗumi, digiri 24 zuwa 26.

Aikin gida

Ku zana mace, ku sa wa cikinta ja.