Kurakuran da ke sa a garƙame wa mai kemis shago

Abin da ya fi damuna shi ne masu kemis ba sa tuna lauya sai an riga an maƙala wa shago kwaɗo. A lokacin magani na ciki yana lalacewa da zafi, kuɗin haya na tafiya, lauya kuma sai dai ya shiga roƙo, alhali da an zo da wuri zama ɗaya ya isa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin lasisi. Za ka ga mutum ya sa ta a firam ya rataye saman kanta, jami'ai na shigowa ya nuna ta da yatsa. Takardar nan rajistar sunan kasuwanci ce kawai. Izinin sayar da magani yana hannun PCN, hukumar kula da sana'ar harhaɗa da sayar da magunguna ta ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2022, kuma duk shekara ake sabunta shi. Lasisin ma yana da iyaka: ƙananan magungunan da ke cikin jerin da hukumar ta amince kaɗai aka yarje maka. Yin allura, ƙarin ruwa ko ajiye tiramadol a bayan kanta sun fita daga hurumin ka, kuma babu lauyan da zai mayar da su daidai.

Akwai kuma masu sayen shago su ci gaba da aiki da lasisin tsohon mai shi. Lasisi na mutum ne da wurin da aka duba. Ka sauya shago, ka koma hukuma.

Sai miƙa kuɗi ga ɗan tsakiya mai cewa ya san wani a ofis. Kuɗin gwamnatin tarayya ta manhajar biyan kuɗi ta Remita ake biya, ka riƙe rasit ɗinka. Lauyan ma ka duba hatiminsa na NBA, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, a kan takarda don ka tabbatar na gaske ne.

Idan an rufe shagon, kada ka taɓa kwaɗon, ko da kana da gaskiya. Ɓalle shi wani laifi ne daban. Ɗauki hoto, ka nemi takardar da ta faɗi dalili, ka kai wa lauya a makon. Ina nanata gaggawa domin ƙarar jami'in gwamnati kan aikinsa wata 3 doka ta ba ka, idan kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ce ta rufe, sai an ba ta sanarwar wata 1 a rubuce kafin a maka ta kotu. Mutane da dama sun ɓata wannan lokaci suna zaryar kamun ƙafa. Kotun ma a lura: hukumar tarayya, Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. A can ne aka yanke shari'ar 'yan maganin Sabon Gari a Kano a 2024, aka ce su tashi su koma cibiyar sarin magunguna da ke Dangwauro.