Yadda ake jawo sha-kauci da sauran tsuntsaye gidan da ake kiwon doki

Mutane da yawa sun ga bidiyon ɗan tsuntsun nan da ke tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan fure, wanda Turawa ke kira hummingbird, sai su sayo sukari su rataya kwalba suna jiran ya zo. Ba zai zo ba. Wannan tsuntsu na nahiyar Amurka ne kaɗai, ire-irensa sun haura 300, ko ɗaya babu a Afirka. Namu shi ne sha-kauci, ɗan mitsitsi mai siririn baki lanƙwasasshe, namijin yana sheƙi kore, macen ba ta da ado. Shi ma ruwan fure yake sha, amma yawanci sai ya sami reshe ya sauka tukuna. Don haka duk abin da za ka tanada masa, ka tanada da wurin tsayawa.

Mataki na farko, ka zaɓi wuri, kuma a nan ne kusan kowa yake ɓata aikin tun daga tushe. Mai doki ya ga akwai inuwa da ruwa a wajen turke, sai ya ce ai nan ya fi sauƙi. Ni ma haka na yi a shekarar da na fara. Na bar tsuntsaye suna sha a rabin duron da nake ba dokina ruwa. Wata safiya cikin bazara na leƙa na tarar da ƙananan tsuntsayen nan da ake kira baiwar Allah guda biyu suna yawo a saman ruwan, fukafukansu a baje. Dokin ya sha da dare ruwan ya yi ƙasa, suka miƙa wuya suka zame, bangon duro kuma santsi gare shi, ba wurin kamawa. Abin ya daɗe yana damuna, don ni na saba musu da wurin.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi haɗari: ruwan sukari yana kiran zuma, musamman da rani da fure ya yi ƙaranci. Doki ɗaurarre a turke ba shi da hanyar gudu. In zuma ta fusata ta taso masa, zai yi ta fizga har ya ji wa kansa ciwo da igiya, kuma harbi mai yawa yana kashe dabba. Ga kashin tsuntsaye da zai riƙa zuba a dusa da harawa. Ga laka, domin ruwan da ke zubewa kullum ya cakuɗe da kashin doki, nan ne ƙananan ƙwari masu cizo suke hayayyafa. Ni ƙa'idata taku 30 ce tsakanin turke da kusurwar tsuntsaye, in da hali a ce akwai katanga ko ɗaki a tsakani. Shi kuma duron doki, ka jingina kara ko itace mai kaushi a ciki daga ƙasa zuwa baki, duk wanda ya faɗa ya sami abin hawa.

Mataki na biyu, ruwa. Kafin sukari, kafin tsaba, ruwa. Ka nemi kasko na ƙasa, ko fasasshiyar tukunya da aka daina amfani da ita, ba sai ka kashe ko kwabo ba. Kada ka sa faranti na ƙarfe, rana tana maida shi tukunyar dahuwa. Zurfin ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, ka jefa tsakuwa uku ko huɗu da kansu ya fito waje. Ka ɗora shi kan guntun turmi ko cokalin itace, tsayin ƙugu, a inuwa, kusa da bishiyar da za su ruga in shaho ya gifta, amma ba jikin duhuwar da kyanwa za ta laɓe ba. Ka zubar ka sake kowace safiya, sauro ba zai samu damar ƙyanƙyasa ba. Kurciya ce kan fara zuwa. In ta yarda da wurin, ƙananan za su biyo.

Mataki na uku, fure. Zogale ya fi komai sauƙi, yana fure tun bai shekara ba, kuma kai ma ka ci ganye. In akwai minjirya ko gurjiya a gonarka, kada ka sare, jan furensu yana fitowa da rani lokacin da ko'ina ya bushe. Kaucin da ya kama bishiya ma ka bar kaɗan, daga shi tsuntsun ya samo sunansa. Zurma da cini-da-zugu kuwa kada su kusanci inda doki zai kai baki, guba ne. Takin doki da ya ruɓe sosai ya ishe ka shuka.

Sai ruwan sukari, wanda ni ƙari na ɗauke shi kawai. Awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa, a tafasa a bari ya huce. Ban da zuma, tana saurin lalacewa ta cutar da su. Ban da kala. Ka haɗa kaɗan, cokali 2 da cokali 8 ya isa yini, don a zafin Maris da Afrilu kafin gari ya waye ya yi tsami. Ƙaramar kwalba mai jan murfi da aka huda ta wadatar, a ɗaura tsinke kusa da ramin. Kullum a wanke ta da ruwan zafi. In ba za ka iya wankin nan ba, ka haƙura da sukarin gaba ɗaya.

Tsaba kuwa, tafi ɗaya na gero a rana, nesa da rumbu, in ba haka ba ɓera ka gayyata, maciji kuma yana bin ɓera. Ka bar tarin kara a wani lungu saboda bushiya da ƙadangare, ka daina fesa maganin ƙwari a wajen. Balbela in ta bi dokin a makiyaya ƙyale ta, fara take kamawa. Carki ne abin lura, yana cire kaska amma yana tonon gyambo, don haka duk ciwon da ke bayan doki a wanke a rufe. Yaran gida masu danƙo kuma ka ba su aikin zuba ruwan safe, da ƙirga irin tsuntsayen da suka sauka.