Yadda ake zaɓar zarton arkit da yadda ake yanka da shi wuƙar ba ta karkace ba

A warshar da nake aiki a kudancin Jidda, duk yaron da aka kawo koyon kafinta, injin da hannunsa ke fara kaiwa gare shi shi ne ƙaramin zarton lantarkin nan mai siririyar wuƙa da ke hawa tana sauka. A shagunan nan sunansa minshar arkit, a jikin kwalinsa kuma jigsaw ake rubutawa. Ba shi da ban tsoro kamar zarto mai faifai, shi ya sa yara ke raina shi, kuma a iya sanina babu injin da ya ci mana katako a banza kamarsa.

Asalinsa ma keken ɗinki ne. Wani injiniya mai suna Albert Kaufmann, ma'aikacin kamfanin Scintilla a Suwizalan, shi ya cire allurar keken matarsa ya ɗaura guntun zarto a gurbinta a 1946, kamfanin ya fara ƙera injin a 1947, daga baya Bosch ya mallaki kamfanin. Na kawo wannan ne don ka riƙe abu guda: wuƙar arkit allura ce. Ta sama kaɗai aka kama ta, ƙasanta a sake yake. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya san abin da ke faruwa da allura idan aka fizgi yadi da ƙarfi.

Mu fara da saye. Kafin ka dubi launi ko suna, juya injin ka karanta ƙaramin allon da ke jikinsa. Wutar ƙasar nan yanzu volt 220 zuwa 230 ce, amma tsofaffin gidaje a Jidda da Makka har yau akwai masu soket ɗin 127 kusa da na 220. A kasuwar Sawarikh kuma za ka iske injinan hannu na biyu 'yan 110 da aka shigo da su tun da daɗewa, da araha mai jan rai. Ka soka ɗan 110 a wutar 220, hayaƙi kawai za ka gani. Idan dai na hannu za ka saya, a kunna maka shi a gabanka, ka saurari ƙararsa, sannan a zare waya ka kama sandar da ke riƙe wuƙa ka girgiza ta hagu da dama. In tana rawa, ajiye musu abinsu ko kyauta ne.

Ƙarfin inji kuwa ya danganta da aikinka. Mai gyare-gyaren gida, wanda ba zai wuce ablakash (wato filawud) da falanki mai kaurin milimita 18 ba, irin Makita 4329 mai wat 450 ta ishe shi. Mai cin abinci da sana'ar ya nemi wat 700 zuwa sama, irin Makita 4350CT ko manyan GST na Bosch. Abu uku ne ba na yafewa: maɓallin rage gudu, maɓallin lilo mai sa wuƙa tunkuɗo gaba, da tafin ƙasa mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa. Fitilar leza da ake ta tallatawa ba ta taɓa miƙe wa kowa yanka ba, kada ka ƙara ko riyal ɗaya saboda ita. Ni mai waya nake saya. Mai batir yana da daɗi a gidan da ba a ja wuta ba tukuna, amma batir biyu da caja sukan kai kuɗin injin kansa, kuma batirin da ya wuni a but ɗin mota cikin zafin Jidda ba ya daɗewa.

Sai wuƙa, kuma nan ne rowa ke kashe aiki. Tabbatar injinka na karɓar mai gindin T, wato wadda wurin kamunta ke da siffar harafin T, ita ce ake samu ko'ina, daga SACO har ƙananan shagunan kayan gini na unguwa. Lambobin Bosch ne suka zama yaren kasuwa, wasu kamfanonin ma da su ake kwatanta nasu. T144D mai manyan haƙora ce, tana gudu amma tana barin baki kaca-kaca. T101B ta yanka mai tsabta ce. T101BR haƙoranta ƙasa suke kallo, saboda allo mai rufin melamin ko fomaika. T119BO siririya ce ta lanƙwasa. T118A ta ƙarfe maras kauri ce. Wuƙar da ta zo kyauta a cikin kwali, yi gwaji da ita a kan tarkace ka jefar. Fakiti guda mai wuƙa biyar bai kai kuɗin allo ɗaya mai santimita 122 da 244 ba, amma sai ka ga mutum yana lallaɓa wuƙar da ta yi baƙi don ƙuna har ta lalata masa allon.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, don nan ne ni kaina na sha kashi.

Shekarata ta biyu a sana'a aka ba ni saman kantar kicin na wani gida in huda gurbin sinki. Allo ne mai kauri, kusan santimita huɗu, an riga an yanka shi daidai tsawon bango. Na ja layi da fensir, na bi layin nan tiryan-tiryan, ko gashi ban kauce ba. Da guntun tsakiya ya faɗi na leƙa, sai gabana ya faɗi. Sama daidai, amma ta ƙasa wuƙar ta kwanta ta ci waje, gefen gaba ya zama kamar bakin gatari, har ta kusa fasa leɓen allon. Mu'allimina ya zo ya shafa wurin da yatsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, kai kake yanka ko injin?" Na ce, "Mu'allim, layi na bi." Ya ce, "Idonka ya bi layi, kafaɗarka kuma ta tura. Je ka ɗauko wuƙar." Da muka duba ta a haske, haƙoran gefe ɗaya sun dakushe, da alama ta taɓa cin ƙusa a wani aikin. A albashina aka cire kuɗin allon, kuma har yau ina ganin an yi mini adalci.

Abin da ya faru shi ne, wuƙar da gefe ɗaya ya fi kaifi tana janyewa ne zuwa gefen mai kaifin. Kai kuma da ka ga tana neman barin layi, sai ka danna injin gefe don ka dawo da ita. Saman wuƙar yana bin ka tunda a kame yake, ƙasanta kuwa yana can yana tafiyarsa. Iya kaurin katako, iya munin karkatar. Kuma daga sama ba za ka ga komai ba sai aiki ya ƙare.

Maganinsa ba wuya, sai dai yana son haƙuri. Zare waya daga soket, sa sabuwar wuƙa, ka tabbata bayanta ya zauna cikin ramin 'yar tayar nan da ke tallafe ta. Ɗora sikwaya a tafin injin ka ga ko wuƙar ta tsaya cak, don alamar sifili da ke jikin tafin ba kullum take gaskiya ba, musamman in injin ya taɓa faɗuwa. Wuƙar ta zama doguwa yadda ko ta hau can sama bakinta na leƙowa ta ƙasan katakon. Yanka guntun tarkace mai kauri iri ɗaya, ka auna bakinsa da sikwaya kafin ka taɓa kayan mutane. Da ka fara yanka, nauyin hannunka ƙasa zai tafi, ya manne tafin da katako, turawa gaba kuwa kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda haƙoran ke ci. Kunnenka zai gaya maka: in ƙarar injin ta yi nauyi, ka matsa masa. In kuma ka ga za ka bar layi, kada ka danna gefe. Ja baya kaɗan, juya gindin injin yadda hancinsa zai kalli layin, ka sake shiga. Bayan kowane taƙi guda tsaya ka leƙa ƙasa. Na fi so a ce na cika jinkiri da in sake sayen allo.

Wasu sukan ɗaure miƙaƙƙen katako su jingina injin da shi wai don layi ya miƙe. A allo siriri yana yi. A mai kauri ni na hana yarana, domin in wuƙar ta fara kaucewa jingina ba za ta bar ka ka gyara ba, sai ta ƙara lanƙwashewa a ɓoye. Dogon yanka miƙaƙƙe ma ba aikin arkit ba ne, na zarto mai faifai ne.

Maɓallin lilon nan mai lamba daga 0 zuwa 3 yana sa wuƙar ta riƙa tunkuɗo gaba yayin da take hawa. A 3 aiki na gudu, baki na yagewa. Katakon gini da ba mai ganinsa, sa 3. Duk abin da ido zai gani, ko lanƙwasa, ko ƙarfe, mayar da shi 0.

Yagewar fuska kuma dalilinta ɗaya ne: yawancin wuƙaƙe a hawa suke yanka, don haka fuskar da ke sama ce ke tsagewa. Kifa allon, kyakkyawar fuskar ta kalli ƙasa, ka yi zanenka a baya. In ba ya kifuwa, sa T101BR, kashe lilo, ka danne injin sosai don ita tura shi sama take yi. Manna tef ɗin takarda a kan layi yana taimakawa, haka ma a fara tsaga layin da reza.

Sauran kuwa a taƙaice. Matse katako da kilam a kan benci, kada ka riƙe da gwiwa, kuma yatsunka kada su taɓa shiga ƙarƙashin allo wai kana tallafe shi. Ɗora gaban tafin a kan katako, bari injin ya ɗauki gudu kafin haƙora su taɓa, in ba haka ba zai yi tsalle. Ka gama, bari wuƙar ta tsaya kafin ka ɗaga, nan ne yawanci take karyewa. Hudar tsakiya, fara da diril mai milimita 10 a kowace kusurwa ta cikin layi, kuma ka tallafe guntun tsakiyar kafin ya faɗo ya yage gefe. Lanƙwasa mai tsanani, yi 'yan tsage-tsage daga waje zuwa layin tukuna, tarkacen su riƙa zubewa. Ƙarfe da alminiyam a rage gudu a ɗiga ɗan mai, roba ma a rage gudu don kada ta narke ta sake haɗewa a bayanka. Bar kamar milimita ɗaya a wajen layi, samfefa ta ƙarasa.

Garin MDF, wato allon da ake yi da garin katako a matse, kuma kada ka yi wasa da shi, ya fi na katako laushi ga gam a cikinsa, kuma a ɗakin da aka rufe saboda na'urar sanyi yana daɗewa yana yawo a iska. Sa tabarau da takunkumi, in injinka na da bakin haɗa bututun shara ka haɗa, in babu ka fitar da aikin baranda ko saman bene bayan la'asar.