Ƙofar katako mai cijewa da damina

Jama'a, in ƙofa ta fara cijewa da damina, kada a yi gaggawar fere ta. Katako danshi yake sha ya kumbura, da hunturu ya shigo kuma sai ya tsuke, a wayi gari da gibin da ƙura da sauro ke bi.

A fara duba hinjin sama. Sau da yawa sukurorinsa ne suka saki, ƙofar ta sunkuya, ƙasanta na gogar siminti. In sukuru na juyawa bai kamawa, ramin ne ya cinye: a cire shi, a shafa wa tsinken ashana 3 ko 4 gam ɗin katako, a cusa, a karye abin da ya fito. A bari ya kwana kafin a mayar da sukurun.

In har yanzu tana cijewa, a goga alli a jikin firem, a rufe, a buɗe. Inda allin ya fito, nan kaɗai za a bi da samfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, kada a wuce milimita 2. Sannan a shafa fentin mai a wurin, har da saman ƙofar da ƙasanta, don ta nan danshi ya fi shiga, kuma nan kafintoci suka fi tsallakewa.